Idris Mai Ruwa da Littafin Kumandan

Duk wanda ya zauna a unguwar Misfala cikin Makka a shekarun da suka biyo bayan babban yaƙi ya san Idris mai ruwa. Dogo ne, baƙi, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu saboda daɗewar da ta yi tana ɗaukar sanda mai garwa biyu. Wuni yake yi yana jigila tsakanin bazan, wato wurin da unguwa take ɗiban ruwa, da gidajen Larabawa masu hawa uku da huɗu, yana hawan matakala yana gyaran murya don mata su kauce. Ba ya faɗa da kowa, ba ya jiƙa wa mutane ƙofar gida. Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ba ya yarda a rubuta sunansa.

Shehun masu ruwa ya yi da shi har ya gaji. Waɗanda ke cikin takardar shehu su suke da layin safe, lokacin da ruwa ke zuba da ƙarfi. Idris ya gwammace ya tsaya gefe, sai kowa ya cika sannan ya matsa, rana ta riga ta take. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, wai ko aljani ne ya yi masa kashedi da alƙalami. Sai ya yi murmushi ya gyara sandarsa. Da sun san dalili da ba su yi dariya ba.

Asalinsa mutumin Rijiyar Kuka ne, wani ƙauye a ƙasar Tasawa, cikin mulkin Faransa. Kuma ba Idris aka raɗa masa ba. Sunansa na yanka Lurwanu, sunan kakansa na wajen uba. Ka san halin gidajenmu, mace ba ta kama sunan surukinta, don haka tun yana jariri uwarsa take ce masa Abba, gida duka ya ɗauka, gari ma ya ɗauka. Har ya yi gemu bai taɓa jin wani ya ɗaga murya ya kira shi Lurwanu ba, sai sau ɗaya.

A wancan zamani kowace shekara bayan an yi girbi kumandan, wato Baturen mulki, yakan zo da likita da tafinta da wani ƙaton littafi. Ko ana yaƙi ko ba a yi, sai sun zo. A tara samarin ƙasa a gindin itace, tafinta ya riƙa karanto suna, da sunan uba, da gari. Wanda aka kira ya tuɓe riga, likita ya duba haƙoransa ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa kamar mai sayen jaki, sannan ya sa hannu cikin jaka ya zaro lamba. In lamba ta kama ka, shekara uku ke nan kana soja a inda uwarka ba ta taɓa jin sunansa ba. Duniya zaune lafiya, gero cike da rumbu, amma sai an rubuta ɗan mutum an ɗauke shi. Ni dai har yau ban ga hankali a cikin wannan ba.

A kakar 1932 tafinta ya karanto, "Lurwanu ɗan Mamman, Rijiyar Kuka, ƙasar Tasawa." Sai da na kusa da shi ya zungure shi kafin ya gane shi ake nufi. Ya zaro lamba, ta kama shi. Aka ce masa ya je ya yi sallama da gida, ya dawo bayan kwana uku. Bai yi sallama da kowa ba. Rana ta biyu ya ce wa ƙanensa Ja'afaru, wanda yake ɗan shekara goma sha bakwai, ya riƙe masa akuyoyi zai je ya dawo, ya bi hanyar kudu.

Shekara huɗu ya yi a hanya. Ya yi dako a Kano, ya bi ayarin masu zuwa gabas, ya ratsa ƙasar Cadi gabansa na faɗuwa don nan ma Faransa ce, ya tsinci auduga a Sudan damina biyu. A hanya ya zama Idris. Da ya iso bakin teku ya ga ana rubuta alhazai kafin su shiga jirgi, sai ya juya ya bi masu kwalekwale, suka sauke shi can kudu da Jidda a inda ba kowa, ya ƙarasa da ƙafa. Ya yi hajjinsa, ya ɗauki sanda da garwa, ya zauna. Daga baya ya auri Ramlatu, wadda aka haifa a Sudan a hanyar iyayenta ta zuwa Makka, suka sami 'ya mace, Hajara. Ramlatu ta san mijinta Idris ne mutumin wajen Katsina, iyakar abin da ya gaya mata ke nan.

Kowace shekara in alhazai suka fita Mina, Idris yakan nemi tantunan mutanen Tasawa ya riƙa kai musu ruwa, ba ya karɓar komai. Suna sa masa albarka, suna cewa ga bawan Allah. Shi kuwa kunne yake kasawa. Yakan tsuguna yana juye garwa a hankali, ya jefa tambaya kamar wanda ba ruwansa, ya ce ya taɓa ratsawa ta wani gari wai shi Rijiyar Kuka, ko suna lafiya? A haka ne, shekara biyu da zuwansa, wani tsoho ya ba shi labari.

"Gidan Mamman kake nuhi? Ai babban ɗansu ya gudu da lamba ta kama shi. To ka san doka, gidan da ɗansu ya gudu su ka cika gurbi. Ƙanen aka kama, Ja'afaru. Yaro ƙarami, ko gemu bai tsiro ba."

Idris ya ƙarasa juye ruwan, ya ɗauki garwarsa, ya fita. Ya san dokar nan tun kafin ya gudu. Wannan shi ne abin da ya fi cinsa, don ba zai iya cewa bai sani ba. Ya sani sarai, ya dai hana kansa tunawa tun daga Tasawa har bakin teku. Daga ranar abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake so: ya tsuguna gaban Ja'afaru ya ji daga bakinsa ko ya yafe masa ko bai yafe ba.

Amma ta ina? A ganinsa sunansa yana nan cikin littafi, an ja masa jan layi, ranar da ya taka ƙasar Faransa ranar za a ɗaure shi. Sai yaƙi ya ɓarke, alhazai suka ɗauke ƙafa shekaru. Da hanya ta buɗe ya ji an sake kiran Ja'afaru soja lokacin yaƙin, an kai shi ƙetaren teku, ya dawo da rai. Ya ji uwarsu ta rasu. Ya yi kukansa a bayan bazan, ya wanke fuska da ruwan mutane, ya ci gaba da aiki.

A shekarun nan ne alhazan da ke zuwa daga wajen Yamai suka fara kawo wata magana. Wai mutanensu da ake turawa majalisa suna neman a daina rubuta samari kowace shekara, a bari sai in yaƙi ya taso ko wata babbar masifa ta sami ƙasa. Wai har da cewa a yafe wa waɗanda suka gudu a da. Ba wanda ya ga takarda, ji kawai ake yi. A rumfar Malam Dawuda mai shayi, wani Bakano da ya tsufa a Makka, nan ake baje maganar da la'asar, kowa da abin da ya sani da wanda bai sani ba.

Wani ya ce hakan shi ne daidai, don rubutun nan na kowace kaka shi ya kwashe samarin ƙauyuka ya watsa su Nijeriya da Sudan. Wani tsohon soja ya girgiza kai, ya ce su ba su san Nasara ba. In aka bar rubutu sai ranar yaƙi, to ranar ba lamba ba likita, samame za a yi a kasuwa a kwashi mai lafiya da gurgu. Gara a san da kai tun da wuri, ka san matsayinka. Aka yi ta musu har shayi ya huce.

Idris ba ya sa baki. Sai an watse yake matsowa kusa da mai rumfa.

"Malam Dawuda, kai mi ka gani? Za su yi ta?"

"Wace, Idi?"

"Dokar ga. Ta barin rubutu sai ran yaƙi."

"Wallahi ilmu indallah. Kai me ya dame ka da dokar Faransa, kai da kake Bakatsine?"

"Tambaya dai na yi."

Malam Dawuda ba yaro ba ne. Ya daɗe da jin harshen Tasawa a bakin wannan Bakatsine, amma bai taɓa tona shi ba. Shekara ta zagayo, Idris ya tambayi alhazai, suka ce ana maganar. Wata ta zagayo, suka ce ana nan ana maganar. Shekara shida yana sayen turmin atamfa ɗaya da hula mai kyau ya ajiye don tsaraba, in alhazai suka tafi ba labari sai ya ba Ramlatu atamfar, hular kuwa ya saka da kansa. Mutanen Misfala har suna cewa ba mai ruwan da ya kai Idris iya saka hula.

Hajjin 1953 ya faɗo tsakiyar zafi. Saura kwana goma sha biyu a hau Arfa, da hantsi, Idris yana tsaye gefen bazan yana jiran a gama layi, sai ga mutum biyu sun tsaya wajen shehun masu ruwa. Ɗaya siriri ne mai furfura, sanye da kwat ɗin soja a kan rigarsa duk da zafin nan, ƙirjinsa da lambobi, hannun kwat ɗin na hagu a naɗe an soke shi da allura. Ɗayan yana riƙe da takarda. Mai takardar ya buɗe ta, ya ɗaga murya yadda masu karatun boko suke yi:

"Lurwanu ɗan Mamman, Rijiyar Kuka, ƙasar Tasawa."

Suna, da sunan uba, da gari. Daidai yadda aka jera su a gindin itace shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Idris bai tsaya kallon fuskar kowa ba. Kakin ya gani, da takardar. Ya sunkuyar da kai, ya saɓa sandarsa da garwa babu ruwa, ya bi lungu yana tafiya a hankali kamar mai zuwa kai ruwa.

Ya ce wa Ramlatu ya sami aikin shayar da raƙuma wajen wani Balaraben ƙauye a hanyar Ɗa'ifa, zai yi kamar wata guda.

"Yanzu, Abu Hajara? A mausim ɗin hajji? Lokacin da kowa ke neman mai ruwa ido rufe?"

"Yanzu. In wani ya zo tambaya, ki ce ba ki san kowa ba."

"Tambayar wa?"

"Ko ta wa."

Ta dube shi, ta ɗaure masa gurasa da dabino a ƙyalle. Ya fita da azahar, ya ratsa Mina ana kafa tantuna, ya wuce Muzdalifa tana fayau ba kowa sai duwatsu, ya bar Arfa a bayansa. Ya sami wani mai gona a cikin kwari, ya yi masa ban ruwa kwana talatin da biyu don abinci da inuwa. Tunda ya zo Makka wannan ce shekarar farko da tantunan mutanen Tasawa ba su ga garwarsa ba.

Da ya dawo gari ya yi sako-sako, yawancin alhazai sun wuce Madina. Ya biya rumfar shayi kafin ya isa gida, don ya ji ko ƙura ta lafa. Malam Dawuda yana ganinsa ya ajiye buta, ya kore masu zama a benci da cewa zai rufe, abin da bai taɓa yi da rana ba.

"Zauna, Idi. Ko in ce Lurwanu?"

Idris ya zauna.

"Na aika gidanka sau uku, matarka ta ce ba ta san kwarin da kake ba. Mutumin nan mai hannu ɗaya, kullum nan yake zama. Kwana goma. Ba ɗan gwamnati ba ne. Ƙanenka ne."

Abokin tafiyar Ja'afaru, mai takardar nan, sunansa Rabe, yana nan bai tafi ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a masaukinsu. Malam Dawuda ya kai Idris can. Rabe yana kishingiɗe a tabarma, ya daɗe yana kallon baƙon, sannan ya ce goshin iri ɗaya ne.

Ya ba da labari dalla-dalla. Ja'afaru ya daɗe da jin ƙishin-ƙishin cewa wansa yana Makka yana sayar da ruwa. Shekara bakwai yana shirin tafiyar nan. Sun zagaya bazan bakwai, sun shiga Jarwal, sun fita har Rusaifa inda 'yan uwanmu suke da bukkoki, sun ƙwanƙwasa gidajen masu ruwa ɗaya bayan ɗaya. Har gidan Idris sun je, wata mata ta miƙo musu ruwa daga bayan labule, ta ce ba ta san wani Lurwanu ba. Gaskiya kuma ta faɗa.

"Mi ya sa bai ce Abba ba?" in ji Idris. "Da Abba ya ce, da na waiwayo."

"Mun yi wagga magana da shi, Alhaji. Ya ce Abba sunan gida ne, Makka cike take da Abba. Ya ce mutum in ya zo ƙasa mai tsarki da sunanshi na yanka za a san shi. Shi kuwa ba ya iya buɗe baki shi kama sunan wanshi cikin mutane, balle sunan kakanku ne. Shi ya sa ya ce in rubuta, ni in riƙa hwaɗi."

"Kwat ɗin fa?"

"Don ka gane shi. Ya ce ka bar shi yaro, ba za ka shaida huskar ba, amma dole ka ji labarin ya yi soja."

Ja'afaru ya rasu a Mina rana ta biyu ta jifa, da azahar, zafi ya buge shi. Mutane da yawa sun faɗi a ranar. Rabe ya ce ruwa ya yanke musu a tanti tun hantsi, tsofaffin alhazai suna ta cewa akwai wani Bakatsine da ya saba kawo wa mutanen Tasawa ruwa, bana ba a gan shi ba. Rabe bai san abin da yake faɗi ba. Malam Dawuda ya sani, ya kau da kai. Ba mai cewa garwa ɗaya tana hana ajali, kuma malamai sun gaya wa Idris haka daga baya, ba sau ɗaya ba. Ya ji su da kunne kawai.

An binne Ja'afaru tare da sauran, ba alama, yadda ake yi a nan. Rabe ya ƙara da wani abu, yana ganin kamar zai sanyaya masa rai. Ya ce ai ba wani Lurwanu a littafin kumandan. Shekara guda da gudunsa mai gari ya ce ya mutu a hanyar Kano, don a daina damun gidan, aka soke sunan. Ko a yi sabuwar doka ko kar a yi, shekara ashirin ke nan ba mai nemansa.

Idris ya matso har gwiwarsa tana taɓa tabarmar, ya yi tambayar da ya yi shekara goma sha biyar yana ɗauke da ita.

"Ya ce ya yahe mini?"

Rabe mutumin kirki ne, kuma ya ga abin da ake so ya ce. Malam Dawuda ma yana yi masa ido. Amma Rabe mutum ne da ya sauko daga Arfa kwanan nan, bai yarda ya buɗe sabon littafinsa da ƙarya ba.

"Wallahi, Alhaji, ban sani ba. Na tambaye shi cikin jirgi, na ce in kun gamu mi za ka ce mishi? Ya ce wagga magana tsakanina da Abba ce, sai kunnenshi. Ban ga hushi a huskarshi ba. Amma ban ji ya hwaɗi ba."

Idris ya yi godiya, ya yi masa fatan sauƙi, ya tashi. A ranar ya zaunar da Ramlatu da Hajara ya gaya musu komai tun daga akuyoyin. Ramlatu ta yi kuka mai yawa, ba don an ɓoye mata ba, sai don ta tuna hannun da ya karɓi kwanon ruwa ta ƙarƙashin labule, ta ce da ta sani da ko shimfiɗa ta yi masa.

Hanyar gida ta buɗe, bai bi ta ba. Ya ce wa Malam Dawuda ai wanda zai je gani a gida yana kwance a Mina. Ya ƙara shekara biyar yana ɗaukar ruwa, kafaɗar tana ƙara sauka. In an tayar da maganar dokar rubutu a rumfa, wadda har lokacin ana nan ana maganarta, sai ya shanye shayinsa ya tashi. Ya koma kai ruwa tantunan mutanen Tasawa, yanzu ba ɓoye-ɓoye, yakan ce shi ne wan Ja'afaru mai hannu ɗaya na Rijiyar Kuka. Duk wanda ya ce ya san marigayin, sai Idris ya ajiye garwa ya tsuguna ya tambaye shi ko Ja'afaru ya taɓa yin zancensa, ko da sau ɗaya, ko da da zagi ne.

Ya tambayi wajen mutum talatin kafin ya rasu a 1958. Dukansu abu ɗaya suka gaya masa, cewa Ja'afaru mutum ne marar yawan magana.